Wace laftof ɗalibin ƙirƙirar wasannin kwamfuta zai saya idan aljihunsa ba nauyi?

Ɗalibin da ya fara karatun ƙirƙirar wasannin kwamfuta yakan sha shawarwari iri biyu masu karo da juna. Wani zai ce masa in bai sayi irin laftof ɗin 'yan gem mai fitilu kala-kala ba, to karatun ba zai yiwu ba. Wani kuma ya ce ai kowace kwamfuta ta isa, karatu ne kawai. Ni ra'ayina shi ne, mai kuɗi kaɗan ya zuba su a kan abin da ba ya canzuwa bayan an saya, sauran kuma ya bar su zuwa lokacin da hali ya samu. A laftof, abin da ba ya canzuwa shi ne na'urar sarrafa hoto, wadda ake kira GPU, da ƙwaƙwalwar da ke tare da ita, da tsarin sanyaya injin. An liƙe su ne a jikin kwamfutar, yadda ka saye su haka za ka rabu da su. RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfutar, da ma'ajiyar fayiloli ta SSD kuwa, a laftof da yawa, ana iya ƙara su daga baya.

Tambayar farko ba ta laftof ba ce

Kafin ka duba kowace kwamfuta, ka tambayi sashenku injin wasa da za a yi aiki da shi, musamman a shekara ta biyu da ta uku, ba a zangon farko kaɗai ba. Injin wasa shi ne manhajar da ake gina wasan a cikinta, kuma bambancin nauyinsu ya wuce yadda sabon shiga ke zato.

Godot, wanda kyauta ne kuma kowa na iya ganin lambobin da aka gina shi da su, fayil ɗaya ne da ba ya ma buƙatar girkawa. Tun fitowar Godot 4 a 2023 yana da tsarin nuna hoto mai sauƙi da aka tanada domin kwamfutoci marasa ƙarfi. GameMaker ma haka yake, in wasannin 2D za ka yi. Unity yana tsakiya: ƙananan ayyuka suna tafiya a kan kwamfuta matsakaiciya, sai aikin 3D ya girma sannan ya fara neman ƙarfi. Unreal Engine 5, wanda ya fito a Afrilun 2022, shi ne mai cin ƙarfi. Kamfanin Epic da ya yi shi yana ba da shawarar RAM gigabait 32 da ƙwaƙwalwar GPU gigabait 8 ko fiye. Tsarin haskensa mai suna Lumen, in ana son ya bi sawun haske ta hanyar na'urar da aka keɓe wa wannan aiki, sai da katin hoto, wato GPU, na jerin RTX 2000 ko Radeon RX 6000 ko wanda ya fi su. Blender, da kusan kowane ɗalibi zai taɓa don ƙera mutum-mutumi da gine-gine, zai buɗe da RAM gigabait 8, amma shi ma shawararsa 32 ce.

Amsar wannan tambaya ita kaɗai tana iya rage maka rabin kuɗin da kake shirin kashewa, ko ta hana ka sayen abin da zai gaza a tsakiyar karatu.

Ma'aunan da za mu yi amfani da su

Na farko shi ne GPU, kuma a nan ne ake yawan yaudarar mai saye, don haka zan ɗan tsaya. Abubuwa biyu ake dubawa. Ɗaya shi ne ƙwaƙwalwarsa, wato VRAM. A nan ake loda hotunan da aka lulluɓe abubuwa da su da sifofin 3D yayin da kake aiki. Mai buga wasa yana loda wasan da aka riga aka tace aka matse shi. Kai kuwa mai ginawa ne, wasan yana buɗe a cikin injin ba a tace shi ba, ga Blender a gefe, ga wataƙila manhajar fenti. Idan VRAM ta cika, aiki ya kama tsayawa yana tafiya, wani lokaci injin ya rufe kansa. GTX 1650 da RTX 2050 da tsohon RTX 3050 duk gigabait 4 suke da shi. Akwai sabon RTX 3050 mai 6. RTX 3060 na laftof da RTX 4050 suna da 6. RTX 4060 da RTX 5050 da RTX 5060 suna da 8.

Abu na biyun, wanda ba a cika rubuta shi a jikin kwali ba, shi ne yawan wutar da aka yarje wa katin ya ja. RTX 4060 guda ɗaya ana iya sa shi a laftof a kan wat 45, a wata kuma a bar shi ya wuce wat 100. Suna ɗaya, aiki daban. MSI Cyborg 15, alal misali, a kan wat 45 take tafiyar da katinta, shi ya sa ta fi takwarorinta sirantaka da rashin nauyi, amma ba za ta kamo wadda aka sake wa wuta ba. Wannan ba aibu ba ne in ka san abin da kake saya. Ka nemi wannan lamba a shafin kamfanin kafin ka biya.

Ma'auni na biyu RAM ne. Gigabait 16 shi ne mafi ƙarancin abin da zan yarda ɗalibi ya fara da shi. Amma abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne ko ana iya ƙarawa. Laftof mai gurabe biyu na RAM da ta zo da 16 ta fi wadda aka liƙe mata 16 har abada. Ma'ajiya kuma dole ta zama SSD. Gigabait 512 yana cika da wuri, domin Unreal kaɗai yana cin gigabait gommai, Visual Studio, manhajar rubuta lambobin wasa, ma na cin nasa, kowane aiki kuma yana tara fayilolin wucin gadi. In akwai gurbi na biyu na SSD, 512 ba laifi a fara da shi.

Furosesa, wato babbar na'urar lissafi ta kwamfutar, ba zan daɗe a kanta ba. Duk wata Core i5 ko Ryzen 5 ta 'yan shekarun nan mai ƙwayoyin aiki shida ko fiye za ta wadatar. Kada ka ƙara kuɗi don i7 alhali katin hoton ƙarami ne.

Sai allo. Laftof ɗin gem masu arha sukan zo da allo mai saurin 144Hz, wanda ke burge mai saye, amma launinsa 45% NTSC ne, wato bai wuce kashi biyu cikin uku na launukan sRGB ba (NTSC da sRGB ma'aunai ne na yawan launukan da allo ke iya nunawa). Ga mai rubuta lambobin wasa ba matsala. Ga wanda zai zana sutura da fuskoki da sararin sama matsala ce ta gaske: jan da ka zaɓa a allonka zai fita wani iri a wayar mai buga wasan. Ka nemi 100% sRGB ko 72% NTSC, ko ka sa a ranka cewa za ka haɗa da allo na waje daga baya.

Ragowar ma'aunan su ne ƙarko, da sauƙin ɗauka da daɗewar batir, da haɗarin da ke cikin cinikin kansa.

Zaɓi na ɗaya: sabuwar laftof ɗin gem ta ƙananan kuɗi

A wannan aji akwai Lenovo LOQ, da Acer Nitro V, da ASUS TUF Gaming, da HP Victus, da MSI Cyborg da Thin. Kowanne suna ne na iyali, a ƙarƙashinsa akwai samfura da yawa masu kati daban-daban da allo daban-daban, don haka sunan kaɗai ba ya gaya maka komai. Sai ka karanta cikakken bayanin samfurin da ke gabanka.

Wajen farashi suna tsakiya, kuma a cikin sababbi babu ajin da ke ba ka ƙarfin hoto mai yawa a kan kuɗinka kamar wannan. Yawancinsu suna da gurabe biyu na RAM, da dama kuma suna da gurbin SSD na biyu, buɗe bayansu ba ya wuce kwance 'yan sukurori. Windows suke ɗauke da ita, wadda ita ce gidan yawancin manhajojin wannan sana'a. Katin RTX kuma yana hanzarta fitar da hoto a Blender ta hanyar wata fasaha mai suna OptiX, har bambancinsa da furosesa kaɗai ya zama kamar na mai keke da mai tafiya a ƙasa.

Inda suke rage kuɗi shi ne jiki da allo da batir. Jikin galibi roba ne, kuma maɗaurin murfin shi ne wurin da ya kamata a riƙa lallaɓawa: a buɗe daga tsakiya, ba daga kusurwa ba. Nauyin yawancinsu ya haura kilo biyu, ga caja mai nauyi da ba za ka iya barinta a ɗaki ba, domin batirin 'yan awanni kaɗan yake yi, kuma da zarar an cire wuta katin hoton yana rage ƙarfinsa sosai. Fanka tana ƙara idan aiki ya yi zafi, har a ɗakin karatu ka ji kunya. Ƙura kuma ita ce babbar abokiyar gabarsu. Wanda ke share fankar lokaci-lokaci, yake ɗaga bayan laftof ɗin don iska ta shiga, bai kuma ɗora ta a kan katifa, zai ci moriyarta har ya gama karatu.

A cikin wannan aji, in ka iya miƙa hannu ka kai ga kati mai gigabait 8, ka yi, ko da hakan na nufin ka haƙura da ƙaramar SSD ko furosesa matsakaiciya. RTX 4050 mai 6 sulhu ne mai kyau ga mai Unity da Blender, kuma zai ɗauki Unreal in an rage wasu saituna. Wanda nake jan kunne a kai shi ne mafi arhar ajin, mai RTX 2050 ko RTX 3050 na gigabait 4 da RAM 8. Kana ɗaukar nauyin laftof ɗin gem da ƙararta da gajeren batirinta, amma ba ka samu ƙarfin da ya sa ake jure waɗannan ba.

Zaɓi na biyu: siririyar laftof marar katin hoto na daban

Shekaru kaɗan baya da ban ma ambaci wannan ba. Yanzu abin ya sauya. Sashen hoto da ke cikin furosesa, irin Radeon 780M na Ryzen 7 7840HS da 8845HS, ko Arc na Intel Core Ultra, yana ɗaukar Godot da GameMaker da manhajar zane ta Krita da ƙananan ayyukan Unity ba tare da wahala ba. Farashinta daga ƙasa ne zuwa tsakiya, ba ta da nauyi, batirinta na iya kai ka ƙarshen darussan yini, kuma galibi allonta ya fi na laftof ɗin gem mai irin kuɗinta kyau.

Sai dai ba ta da ƙwaƙwalwar hoto tata, daga RAM take ɗiba. Ke nan 16 ɗin da aka rubuta ba duka ne naka ba. Da yawansu kuma RAM ɗin a liƙe yake, don haka in ka zaɓi wannan hanya ka nemi mai 32 tun farko ko mai gurbin ƙari. Haɗarinta ɗaya ne amma babba: ranar da malami ya ce aikin wannan zango a Unreal za a yi da cikakken haske, babu abin da za ka saya ka ƙara mata.

Zaɓi na uku: MacBook Air

Ina ganin dalilin da ɗalibai ke sha'awarta. Jikinta ƙarfen alminiyam ne, mai inci 13 ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, batirinta ya fi na duk sauran, allonta na nuna launi daidai, kuma ba ta rage ƙarfi don an cire caja. Tun ƙarshen 2024 Apple ya mai da RAM 16 mafi ƙanƙanta a cikinta. Unity da Godot da Blender da manhajar 3D ta Maya duk suna aiki a kanta. Wanda kuma yake son fitar da wasa a iPhone yana buƙatar Xcode, manhajar Apple ta gina manhajoji, shi kuwa a Mac kaɗai yake.

Amma ga ɗalibin da kuɗinsa ke da iyaka, matsalolinta suna da nauyi. Ba ta da fanka ko ɗaya, don haka in aiki ya daɗe, kamar fitar da hoto a Blender ko gina babban wasa, sai ta rage gudu don kada ta yi zafi. RAM da SSD duk a liƙe suke, ƙarin da za ka biya wa Apple tun wurin saye kuma yana da tsada. 3ds Max, wata manhajar ƙera sifofin 3D, ba ya aiki a Mac. DirectX, fasahar nuna hoto da wasanni da yawa ke amfani da ita, na Windows ne. Microsoft ya daina tallafa wa Visual Studio na Mac a 2024. In darasinku an tsara shi a kan Windows, za ka riƙa ɓata lokaci kana neman yadda za ka yi abin da abokan karatunka suka yi da dannawa ɗaya, kuma wasannin da za a ce ku buga ku nazarta ba duka ne za su buɗe maka ba. Gyaranta ma ba arha.

Zaɓi na huɗu: ta hannu

Nan akwai riba, akwai kuma rami. Iri biyu ne. Akwai laftof ɗin ofis masu ƙarfi da kamfanoni ke sayarwa bayan sun gama da su, irin Dell Precision da ThinkPad jerin P da HP ZBook. An gina su da ƙarko, madannansu na da daɗi, ana samun kayan gyaransu, kuma sukan ɗauki RAM mai yawa. Abin lura shi ne katin. Quadro T1000 da T2000 sunansu na da kwarjini, amma gigabait 4 ne, kuma 'yan gida ɗaya ne da GTX 1650, ba su da sashen bin sawun haske. Sai ka kai ga masu RTX a sunansu sannan lissafin ya canza.

Iri na biyu tsohuwar laftof ɗin gem ce ta babban aji, misali mai RTX 3060 ko RTX 3070, wanda na biyun ke da gigabait 8. Irin wannan kan zo da allo da tsarin sanyaya da suka fi na sabuwa mai arha. Sai dai ba ka san irin zafin da ta sha a hannun mai ita na farko ba, kuma in katin hoto ya mutu, kusan laftof ɗin ce ta mutu.

Kada ka biya sai ka gwada. Ka buɗe wasa mai nauyi ko ka sa Blender ya fitar da hoto na kamar rabin awa, ka ga ko za ta mutu ko allon zai yi zane-zane. Umurnin powercfg /batteryreport a Windows zai nuna maka yawan cajin da batirin ke riƙewa yanzu idan aka kwatanta da lokacin da yake sabo. CrystalDiskInfo zai nuna lafiyar SSD. Ka tabbata babu kalmar sirri a BIOS, wato saitunan da ke tada kwamfutar kafin Windows, kuma ba a ɗaure ta da asusun wani kamfani ba. Ka kuma duba shekarunta: Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma tana neman na'urar tsaro mai suna TPM 2.0, kuma in furosesar Intel ce, ta ƙarni na 8 ko sama. Duk wadda ta girmi haka, komai arharta, ka wuce ta. In ka samu mai sayarwa da ke ba da garanti ko na 'yan watanni ne, ya cancanci ɗan ƙarin da zai nema.

| Zaɓi | Farashi | Ƙarfin 3D | Ƙarko da ƙari | Ɗauka da batir | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Sabuwar ta gem, kati mai 6 ko 8 | Matsakaici | Mai kyau | Jikin roba, ana ƙara RAM da SSD | Nauyi, gajeren batir | Kaɗan, akwai garanti |
| Sabuwar ta gem, kati mai 4 | Ƙasa | Mai rauni | Kamar ta sama | Kamar ta sama | Za ta gaza da wuri |
| Siririya marar kati | Ƙasa zuwa tsakiya | 2D da ƙaramin 3D | RAM sau da yawa a liƙe | Mai sauƙi, dogon batir | In darasi ya koma Unreal |
| MacBook Air | Sama | Matsakaici, tana rage gudu | Jiki mai ƙarko, ba ƙari | Mafi kyau | Manhajojin Windows |
| Ta hannu | Mafi arha a kan ƙarfinta | Ya danganta da katin | Ta ofis mai ƙarko ce | Batir ya tsufa | Mafi girma |

Wa ya dace da wacce

In darasinku Unreal ne, ko kana hangen kanka a fannin gina duniyar 3D da haske, ka nemi laftof ɗin gem mai kati na gigabait 8 wanda aka sake wa wuta, ka fara da RAM 16, ka kai shi 32 idan ka samu kuɗi. In sabuwa ta fi ƙarfinka, ta hannu mai RTX 3070 ko RTX 3060 da ka gwada da kanka ta fi sabuwa mai kati na gigabait 4.

In Unity da Blender ne abincinku na kullum, RTX 4050 ya isa, kuma rarar kuɗin ta fi amfani a allo mai launi daidai.

Mai son zane da wasannin 2D, ko wanda karatunsa ya fi karkata ga tsara dokokin wasa da labari da matakai, ba ya buƙatar ɗaukar kilo biyu da rabi a bayansa kullum. Siririya mai Radeon 780M ko Arc da isasshen RAM za ta yi masa, ya sayi allon zane na alƙalami da abin da ya rage. Haka ma wanda makarantarsu ke da ɗakin kwamfutoci masu ƙarfi da ake barin ɗalibai su shiga bayan darasi: ya yi aiki mai nauyi a can, ya riƙe mai sauƙi a jaka. Amma ya fara zuwa ya ga ɗakin da idonsa, ya tambayi 'yan ajin gaba yadda cunkoso yake a makon miƙa aiki.

MacBook Air ta dace da wanda wasannin waya ne burinsa, musamman na iPhone, kuma ya tabbatar babu darasin da ya dogara da manhajar Windows kaɗai.

Wanda har yanzu bai san injin da za a koyar ba, kuma yana da wata tsohuwar kwamfuta a hannu, ya dakata da saye. Ya sauke Godot da Blender a kanta ya yi makonnin farko da ita, har malamai su fitar da jerin manhajojin shekara. Kowacce ka zaɓa, ka ware wani abu daga kuɗin don linzami mai maɓalli uku, domin Blender da Unreal ba sa daɗin aiki da faifan shafawa, da kuma ma'ajiya ta waje da za ka riƙa kwafe ayyukanka a ciki duk mako.